Sandar Fatsar Kawu Ilu

Tun da muka dawo daga Doguwa ban huta da tambaya ba. A aji tambaya, a filin ƙwallo tambaya, har a layin famfo sai wani ya dafa ni ya ce, "Kamilu, wai da gaske ne an kama ku?" Wasu sun ce kada ne ya koro mu, wasu sun ce a ɗaure muka wuni. Na san inda rabin labaran nan suka fito, domin ni na fara baza su. To, yau zan rubuta yadda aka yi sau ɗaya tak, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in wuce.

Bari in fara da ƙaramar wautata. Kawu Ilu, yayan Ummata, ba ya sa tana a fatsa kamar sauran bayin Allah. Ƙugiya yake ɗauka ya naɗe ta da gashin zabo da zaren ɗinki har ta koma kamar ƙwaro, wai kifi zai zaci abinci ne. Ni kuwa ban taɓa yarda akwai kifin da ya kai wannan sakarci ba. Saboda haka ana gobe za mu tafi na sulale zuwa lambun bakin fadama, na tono tana cike da gwangwanin madara, na rufe da leda, na cusa a jakar guzuri, daidai kan kwanon dambun da Umma ta yi mana. Muna cikin ƙaramar bas yunwa ta kama Kawu, ya buɗe kwano. Matar da ke gefenmu ta leƙa, ta saki salatin da ya sa direba taka birki. Kawu ya daɗe yana kallon kwanon nan, sannan ya ce, "Kamilu, yaushe Ummanka ta fara sa taliya a dambu? Kuma mai tafiya?"

Kajin bakin titi ne suka ci guzurinmu na kwana biyu.

Yanzu sai in gaya muku labarin sandar, don ita ce dalilin komai. Lokacin da Kawu yana saurayi ya yi aikin tuƙa kwalekwale a tsohon otal ɗin nan na bakin tafkin Bagauda. Akwai wani Bature da ke yawan sauka a wurin, shi ya koya masa irin wannan fatsa, da zai koma ƙasarsu kuma ya bar masa sandarsa. Gida uku ce, ana zura wannan cikin wancan. Gindin yana da kauri da ɗan faifai mai naɗe zare, sai ta tsakiya, sai kan, wanda bai fi tsinken tsintsiya kauri ba a ƙarshensa. Fiye da shekara arba'in tana hannunsa. Yana shafa mata mai fiye da yadda yake shafa wa ƙafarsa. A gidanmu an fi tsoron taɓa ta a kan taɓa garwashi.

Shekara uku ciwon ƙafa ya hana shi zuwa ruwa. Bana da ya ji sauƙi ya ce ko da rarrafe sai ya je, kuma sai a ƙarshen sanyi, kafin zafi ya shigo sosai. Wai 'yan kwanaki ne kawai a shekara da ruwa yake janyewa ya yi garau, ƙwari su fara tashi a kansa, kifi ya taso sama da yunwar da ya tara. Hutun rabin zango ya zo daidai, aka ce ni zan raka shi.

Da safen da za mu bar garinmu Yako, Umma ta ja ni gefe ta riƙe kunnena.

"Ka ji ni da kyau. Kawunka ya san hanya, ya san ruwa. Kai aikinka ɗaya ne, sandar nan. Ba a sayar da irinta ko a Kano. Yadda ta fita, haka za ta dawo."

"Umma, ai ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

"Ba ƙuda nake tsoro ba. Kai nake tsoro."

Bagauda muka fara zuwa. Kawu yana da tsohon aboki a can, Malam Garba, masunci ne, muka same shi yana ɗinkin taru a inuwa. Suka gaisa gaisuwar da ta kai tsawon huɗubar Juma'a, har sai da aka tambayi lafiyar mutanen da suka rasu aka dawo aka yi musu addu'a.

"Ilu, har yanzu kana nan kana ba kifi gashin kaza?"

"Na zabo ne. Kifina ba ya cin abin talaka."

Kawu ya gangara bakin ruwa, ya naɗe hannun riga, ya tsoma gwiwar hannunsa kamar mai auna ruwan wankan jariri. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe sai ya girgiza kai.

"Sanyinsa na cizo," ya ce. "Kifi na can ƙasa a kwance. Ko kaza guda ka jefa masa ba zai ɗago ba."

"Babban ruwa ba ya saurin ɗumi," in ji Malam Garba. "Sai nan da sati biyu. In kana sauri, ku hau sama wajen Falgore, can ƙasar Doguwa. Kogi ya janye, ya bar gurabe tsakanin duwatsu. Waɗannan rana ɗaya ta ishe su."

Ni ma na tsoma gwiwar hannuna don a san na zo. Ban ji komai ba sai jiƙewar riga.

A Kwanar Ɗangora muka canza mota, a nan kuma aikina ya fara. Sandar tana cikin wani dogon kube na tamfol. Yaron mota ya fizge ta daga hannuna zai cusa a ƙarƙashin buhunan taki a saman mota. Na yi ihun da ya tayar da tattabarun tasha gaba ɗaya.

"Kai, lafiya? Sanda ce fa!"

"Kakarka ce," na ce, amma a hankali, don ya fi ni ƙarfi.

A ƙarshe na zauna da ita tsakanin gwiwoyina, na rungume ta. Mutum biyar aka cusa a layin mutum uku, ga wata akuya a ƙarƙashin kujera da ta ƙudiri aniyar cin tamfol. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji kamar ƙashin bayana ne ya tsage. Kawu kuwa barcinsa ya yi, amma hannunsa ɗaya na kan kuben har Tudun Wada.

A can muka sauka gidan wani tela da suka yi karatun allo tare da Kawu. Ya share mana shagonsa, ya shimfiɗa tabarma tsakanin keken ɗinki da tulin yadi. Mutanen Tudun Wada kirki gare su, sai dai ban san laifin da dawa ta yi musu ba. Da rana shinkafa, da yamma tuwon shinkafa, da safe wainar shinkafa. Da na roƙi ruwan sha sai da na leƙa kofin in ga ko shi ma ita ce. A Yako sai an yi baƙo ko suna ake ganin irin wannan gata, su kuwa har haƙuri suke ba mu wai babu wani abin kirki.

Bayan la'asar Kawu ya zauna a ƙofar shago yana ɗaura ƙwarinsa na ƙarya, yaran unguwa suka kewaye shi. Ya ba su labarin kifin ƙasar Baturen nan, wanda wai idan ƙanƙara ta fara narkewa yake baro teku ya yi ta hawan kogi yana tsallake duwatsu, mutane su shiga ruwan sanyi har ƙugu suna jiransa tun safe, wani lokaci su koma gida hannu wofi kuma suna murna.

"Ashe mahaukata ne," in ji wani yaro.

"Sosai," in ji Kawu. "Shi ya sa muka shaƙu."

Sannan ya juyo gare ni ya tsara mini gobe. Da sassafe ruwa na da sanyi, kifi ba ya motsi. Da yamma iska takan taso ta dagula fuskar ruwa. Tsakanin hantsi da azahar kawai muke da shi. Za mu isa da wuri, mu fara zuwa gaida Sarkin Ruwan garin da ke bakin kogin mu nemi izini, kamar yadda kowane baƙon masunci yake yi, sannan mu gangara.

Washegari muka kama hanyar Falgore cikin sanyin da ya sa haƙorana suka yi ta gaisawa da juna. Kafin a shiga dajin Falgore akwai shingen jami'an tsaro. Aka tsayar da motarmu, wani jami'i ya leƙo, idonsa ya sauka kan dogon kuben da na rungume.

"Yaro, mene ne wannan?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina ba ya shawara da ni. Na ce, "Bindigar kifi ce, yallaɓai."

Ba wanda ya yi dariya. Ko akuya babu a wannan motar balle ta taya ni. Aka ce mu fito. Kawu ya ba da haƙuri, ya kwance kuben, ya jera gida ukun a kan bonet ɗin motar. Jami'in ya ɗauki siririn kan nan ya lanƙwasa shi da yatsa biyu don ya ga ko ƙarfe ne. Ya lanƙwasa, ya ƙara lanƙwasawa. Kawu ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ɗana, a hankali, ta girme ka." Mutumin ya yi murmushi ya saki. Ya gargaɗe mu kada mu kuskura mu tsallaka cikin gandun daji, mu tsaya a ruwan da ke wajen iyaka, ya sallame mu. Kawu ya dai karɓi kuben ya riƙe da kansa na ɗan lokaci, wannan kuwa ya fi mari zafi.

Daga bakin titi muka hau babur ɗaya mu biyu zuwa wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu kunyar mutanensa nake ji. Hanyar shanu ce, yashi da duwatsu. Ba mu yi rabi ba tayar baya ta sace. Ɗan acaɓan ya ce mu jira ya tura zuwa wurin mai faci ya dawo. Kawu ya dubi rana ya ce mu taka. Da ƙafarsa mai ciwo muka yi tafiyar da ta fi awa, yana ɗingishi yana duban sama.

Da muka iso, rana ta kusa tsakiya. Ƙauyen yana kan tudu a hagu, kogin yana gangare a dama. Kawu ya tsaya a mararrabar. Ya dubi garin, ya dubi inuwarsa da ta fara shigewa ƙarƙashin ƙafarsa.

"In muka shiga gari," ya ce, kamar da kansa yake magana, "za a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a dama fura, a aika kiran Sarki daga gona. Kafin a gama, iska ta taso." Ya sake duban rana. "Bari mu dai duba ruwan. In a buɗe yake, in yi jifa biyu uku, sannan mu hau mu gaishe su."

Ya zauna a kan dutse yana haɗa sandar yana zura zare, aikin da ba ya yarda a taya shi. Ni kuwa na riga shi gangarawa. Gurbi ne dogo tsakanin manyan duwatsu, ruwan garau har kana ganin yashin ƙasa. A bakinsa akwai wata babbar kanya da 'ya'ya jingim, ni kuma rabona da abinci tun waina uku da asuba. Na jefa dutse, ban samu ba. Sai na hango wata doguwar sanda a kafe a bakin ruwa, an ɗaura mata dunƙulen ciyawa da jan ƙyalle a kai. Na ce a raina wani bawan Allah ya ajiye wa masu shan kanya. Na tumɓuke ta, na yi ta zungura, na cika aljihu. A jifa ta ƙarshe na wurga ta sama gaba ɗaya, ta maƙale can cikin rassa, ƙyallen yana reto. Na bar ta.

Kawu ya iso yana saɓe da sandarsa a kafaɗa. Bai taɓa ruwan ba sai da ya bi bakin gurbin da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sau biyu.

"Alhamdu lillahi. Babu alama. A buɗe yake."

"Wace alama, Kawu?"

"In gari ya ɗaure ruwa, ana kafa sanda da ciyawa a bakinsa. Daga ranar ba mai sa ƙugiya ko koma sai ran da Sarkin Ruwa ya buɗe, kowa ya shiga kamun kifi tare. Wanda ya saɓa, a bakin ruwan ake karya kayansa."

Kanyar da ke bakina ta koma kamar toka.

Ga inda ya kamata in yi magana. Kalma biyar ta isa. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Amma a daidai lokacin ya tsoma gwiwar hannunsa a ruwa, ya ɗago yana murmushin da shekara uku ban gani a fuskarsa ba.

"Ya yi, Kamilu. Ya saki. Dubi can."

Wasu ƙananan ƙwari ne ke tashi daga fuskar ruwa, nan da can kuma ruwan yana yin zobe yana bajewa. Na ce a raina jifa biyu uku ya ce. Ba kowa a wurin. Mu gama mu tafi, in hau in sauko da sandar mutane in mayar, babu wanda zai sani.

Ya sa ni na durƙusa a bayan dutse kada inuwata ta faɗa ruwa. Ya shiga har ƙauri a hankali kamar mai tsoron tayar da barci. Sannan ya fara kaɗa sandar gaba da baya, zaren yana tsawo a iska yana lanƙwasa a bayansa, ya dawo ya miƙe a kan ruwa, ɗan gashin zabon ya sauka ba ko ƙara. Na sha yi masa dariya a gida. A nan ban yi ba. Jifa ta huɗu ruwa ya fashe, kan sandar ya sunkuya yana rawa, Kawu ya saki wata dariya irin ta yara. Kawara ce, ba ta fi tafin hannuna tsawo ba. Ya cire ƙugiyar, ya dube ta, ya ce, "Je ki ki girma," ya sake ta.

"Kawu, mu tafi haka."

"Yanzu fa aka fara."

"Ka ce biyu uku."

"Kai da ba ka iya lissafi a makaranta, yau ka iya?"

Sai muka ji murya daga tsallake. Wani dattijon Bafulatani ne da shanunsa, ya tsaya ya rataya sanda a kafaɗa.

"Sannu, baffa! Baƙi ne ku? Ruwan nan fa a ɗaure yake. Mu ma can ƙasa muke shayarwa. Fito maza, fito!"

Kawu ya juya yana neman alamar da ba ta nan. Kafin ya taka zuwa gaɓa, mun ji gudu daga kan tudu. Wani yaro mai kiwon awaki ya riga ya kai labari. Mutum ya kai ashirin, in ban ƙara ba, kuma a wannan karon ban ƙara ba. A gabansu wani ƙato ne mai suna Tanimu, wanda daga baya na ji ɗan Sarkin Ruwan ne. Bai yi sallama ba. Ya kama sandar ta tsakiya ya fizge.

"Ɗana, riƙe ta ta gindi," in ji Kawu. "Don Allah ta gindi."

Aka zaunar da mu a ƙarƙashin kanyar nan. Sarkin Ruwa ya iso daga baya, ɗan tsoho siriri da fartanya a kafaɗa. Ya yi sallama, Kawu ya durƙusa ya gaishe shi duk da Kawun zai girme shi.

"Ranka ya daɗe, ban ga alama ba. Sau biyu na duba."

"Ƙarya ne!" in ji Tanimu. "Da hannuna na kafa ta. Ga raminta nan, ƙasar ma ba ta bushe ba. Cirewa ya yi ya ɓoye."

"Wallahi ban gan ta ba."

"Ji tsoho da furfura yana rantsuwa kan ƙarya. Ɓarayin kifi kala-kala ne, yau ga mai gemu."

Mutane suka fara guna-guni. Aka baza yara cikin ciyawa neman alamar. Ni ina zaune, jan ƙyallen nan yana reto daidai saman hular Sarkin Ruwa. Ba wanda ya ɗaga kai. Da na yi shiru, da har yau ba su gan ta ba.

Kawu bai sake rantsuwa ba. Ya sunkuyar da kai kawai. Ban taɓa jin an kira shi maƙaryaci ba, ko a wasa.

Na miƙe.

"Baba, ni ne. Ga ta can."

Mutum ashirin suka ɗaga kai sama lokaci ɗaya. Na zazzage aljihuna, kanya ta zube a ƙasa. Wani ya fashe da dariya, aka harare shi ya haɗiye. Kawu ne kaɗai bai dubi sama ba. Ni ya duba.

"Ka sani tun kafin in shiga?"

"Tun da ka faɗa, Kawu."

Ya kawar da kai.

Sarkin Ruwa ya sa Tanimu ya ba Kawu haƙuri kan kalmar da ya faɗa, ya bayar yana cije baki. Na ɗauka an gama. Na ma fara jin iska na shiga ƙirjina. Sai tsohon ya ajiye fartanya ya zauna sosai.

"Malam, kai masunci ne?"

"Shekara arba'in da wani abu, ranka ya daɗe."

"Yaro bai san alama ba, wannan na yarda. Kai fa? Ka zo ruwan mutane, ga gari kana gani. Ka san ƙofar da ake fara bi?"

"Na sani."

"Me ya hana ka?"

"Rana nake gudu. Laifina ne, ba na yaro ba."

Sarkin Ruwa ya karɓi sandar daga hannun ɗansa. Ya auna ta a tafinsa, ya shafa ta, ya duba ɗan ƙwaron gashin ya girgiza kai. Ya ce bai taɓa ganin irinta ba, yana so ya ga yadda ake yi, amma a kan yashi. Kawu ya tashi ya karɓa. A kan busasshen yashi ya yi jifar da ta fi duk na ruwa kyau. Zaren ya tafi ya tafi, ƙwaron ya sauka cikin wata ƙwarya da wata yarinya ta ajiye can nesa. Aka yi kabbara. Har Tanimu sai da bakinsa ya buɗe. Na ce shi ke nan, mun tsira, wa zai iya karya wannan?

"Ikon Allah," in ji Sarkin Ruwa. Sannan ya dubi Kawu. "Malam, bara a nan wurin na sa Tanimu ya farfasa komarsa da hannunsa. Ɗana na cikina. Shekaran bara ƙanen matata. Duk waɗannan da kake gani suna da yara masu son miya, wata biyu suna wuce ruwan nan suna kawar da kai. In na bar ka ka tafi da ita lafiya, gobe da asuba babu kifi ko ɗaya a gurbin nan."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Na zube a gabansa. Na ce a yi mini bulala ɗari, a riƙe ni in yi musu noma har damina, a karya hannuna in ana so. Wannan karon ba don dariya na faɗa ba.

"Tashi, ɗan nan. Ba hannunka ne ya shiga ruwa ba." Ya juya ga Kawu. "Kai baƙo ne, ka kuma mayar da kifin, an gaya mini. Na ga gida uku ce. Guda ɗaya za a karya, ka tafi da biyu. Kai za ka zaɓa, kai za ka karya. Haka muke yi."

Jama'a suka yi ta cewa an yi adalci, an yi sassauci. A wurinsu an bar masa kashi biyu cikin uku. Ni da Kawu ne kawai muka san in babu ɗaya, sauran biyun itace ne. Na jira ya yi musu bayani. Bai yi ba.

"Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

Ya naɗe zarensa a hankali, ya cire ƙwaron ya soke a hularsa. Ya zare gida ukun ya jera a cinyarsa. Ya taɓa gindin, ya taɓa ta tsakiya, sannan ya ɗauki siririn kan. Ya riƙe shi da hannu biyu. Ya lanƙwasa kaɗan ya saki. Ya sake lanƙwasawa, ya sake saki. Mutane na jira.

Sai ya miƙo mini, bai dube ni ba.

"Kamilu, taimake ni."

Na karɓa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Sai da na kai ta kusan zobe kafin ta yarda, ƙarar kuma ba ta fi ta karan dawa ba.

Bayan nan aka sa ni na hau kanyar na sauko da alamar, na mayar da ita raminta na danne da duwatsu. Sarkin Ruwa ya rantse ba za mu tafi da yunwa ba. A zaurensa aka kawo mana gwaten masara mai zafi da nono, ya ce in an buɗe ruwa mu dawo, za a ba Kawu koma ya shiga sahun gaba. Kawu ya yi godiya, ya ci loma uku. Tanimu da kansa ya kai mu bakin titi a babur ɗinsa.

Ba mu kwana a hanya ba. Daga Falgore har Yako maganar da Kawu ya yi mini ɗaya ce, a Kwanar Ɗangora, ya ce in matsa kusa da taga kada rana ta dame ni. Kuben yana hannunsa.

Babu kada, ba a ɗaure kowa ba, ba mu kawo kifi ko ɗaya ba. Kawu bai doke ni ba, bai kuma bari an doke ni ba. Sau uku ya sassaƙa sabon kai da gora. Biyu sun tsage, na ukun ya shiga daidai, ya fita tsakar gida ya gwada jifa ɗaya, zaren ya zubo a gaban ƙafarsa. Ya zare shi ya ba yara suna wasan doki. An buɗe ruwan ƙauyen sati uku bayan dawowarmu, sun aiko a gaya masa. Bai je ba.